Man Gilashi da Tsohon Gadar Rafin Ɗinya

Ku matso kusa, ku rage murya. Ke Ladidi, zauna nan gabana, don labarin ya fi shafarki. Shekara goma sha biyu ina riƙe da shi a ciki, kunya ce ta hana ni faɗa.

Lokacin ina sabon direba, ina jan wata tsohuwar Golf a hanyar Kauru. Kaina yana hayaƙi, ba mai gaya mini magana. Ana tsakiyar damina waifar motar, mai share ruwan gilashi, ta mutu. Maimakon in gyara, sai na samo wani mai a 'yar kwalba, wanda ake shafa wa gilashi. In ka shafa ka goge da busasshen tsumma, ruwa ba ya zama, sai ya dunƙule ya gangare kamar a kan ganyen gwaza. Malam Ilu mai wankin mota ya ja kunnena. Ya ce man nan taimako ne kawai, ba ya maye gurbin waifa, kuma sai mota tana gudu iska ke kore ruwan. Na ce masa ai gudu sana'ata ce.

Ran nan Gwaggo, mahaifiyarku, ta ce in kai ta gida haihuwa, cikinta wata tara. Ta tambaye ni ko motar lafiya take, don ta ga hadari ya haɗo. Na dube ta ido cikin ido na ce ƙalau.

Mun bar gari bayan la'asar. Kafin magariba ruwa ya kece. Gwaggo ta kwanta a kujerar baya ta lulluɓa. Nan na gane maganar Malam Ilu. In na taka mota, hanya ta fito tas. In na sassauta, gilashi ya rufe, in zama makaho. Sai na yi ta takawa, da mai tsohon ciki a bayana.

Can na hango wani tsoho a bakin hanya, da farar riga, yana ɗaga hannu. Akwai kwatami a gabansa. Ban kauce ba. Na watsa masa taɓo tun daga hula har ƙasa, har na yi 'yar dariya.

Na sha kwana sau biyu, sai ga shi kuma. Rigar nan, hannun nan a sama. Dariya ta ɗauke. Na ƙara wuta, na leƙo na ce masa ya ba mutane hanya. Kalmar da na haɗa da ita ba zan maimaita a gabanku ba.

Sai na ji ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa a cikin motar. Kujerar gefena ta ɗan lotsa. Ba a buɗe ƙofa ba.

Yana zaune. Taɓon da na watsa masa yana gangarowa daga rigarsa ƙwaya-ƙwaya, yana barin ta fara fat, a bushe. Ruwa ba ya kama shi, kamar shi ma an shafe shi da man nan. Na kasa kallon fuskarsa, na sunkuyar da kai. A nan na ga ƙafafun. Dugadugan ne a gaba.

"Tsaya," in ji shi. Muryar kamar daga cikin rijiya.

"Baba, in na tsaya ba na gani."

"Da kake gudun, me ka gani?"

Na taka burki. Mota ta ja, ta ja, ta tsaya. Gilashi ya rufe ruf. Ya miƙa yatsa ɗaya ya ja layi a jikin gilashin, ruwan ya dare gida biyu. Fitila ta haska gabana. Gadar Rafin Ɗinya babu ita, ruwa ya tafi da ita. Tsakanin tayata da ramin bai kai taku uku ba.

"Sau biyu ina tare ka," ya ce. "Ba don kai ba. Don 'yar da ke cikin matar nan."

Na buɗe baki in ba shi haƙuri, kujera ba kowa. Ko godiya ban samu na yi ba, kuma abin da ya fi ci mini rai ke nan har yau. Na juya da mota a hankali, kaina a waje ta taga, ruwa yana dukana. A wani ƙauye muka fake, a nan aka haife ki da asuba, Ladidi. Na ce wa kowa ni na hango karyewar gadar da idona, aka yi ta sa mini albarka, ni kuma ina karɓa.

Layin yatsan nan bai taɓa gogewa ba har na rabu da motar. Don haka in kun girma kun yi mota, ku gyara waifarku, kuma kada wanda ya bi hanyar Rafin Ɗinya shi kaɗai in hadari ya haɗo. Wanda ya ɗaga muku hannu, ku sassauta.

Ban san Gwaggo tana jina ba sai yanzu da labulen ɗakinta ya motsa. Kun ji abin da ta ce?

"Barau, ai idona biyu ran nan. Jira nake ka faɗa da bakinka."