Yara Tara a Ƙarƙashin Lambar Hawwa

A Mayahi ana cewa jandarma Na Allah sai da ya yi furfura ya koyi karatu, shi ya sa yake bin takarda da yatsa, kuma ba ya katse mai magana. Shekarar da fari ya cinye gero, soja na kan mulki, shi aka kira ofishin rabon garin kunun yara. Mata biyar daga Kanan-Bakashe sun zo, an ce 'ya'yansu ba sa cikin na'ura, alhali an riga an karɓe rabonsu.

Shugaban ofis ya nuna Barira, mai shigar da sunaye. Na Allah ya rufe ta kwana biyu, har dangin mijinta suka fara maganar saki.

Halilu mai mangaza, ɗakin ajiyar buhuna, ya fita daga zargi da wuri: kati yake gani, ya ba da buhu. Rana ta uku Na Allah ya zaunar da Barira gaban na'urar. Ta nuna masa: uwa a sama, 'ya'ya a ƙasa. Sai an ajiye uwa ta sami lamba, sannan kowane yaro ya manne da lambar. Yara takwas na matan nan an ciro su an manna wa wata Hawwa, suka zama tara.

"Ɗa guda na ajiye mata," in ji Barira. "Amma in na tafi azahar, ba na kashe na'urar."

Ishaƙu, mai kai katuna ƙauyuka, ya ce babu wata sata, ruɗewar mata ce. Ya ce yana tsaye Hawwa ta jero wa Barira sunayen tara.

"Da wa ta fara?" in ji Na Allah.

"Da Tanko, ɗan farinta."

"Da bakinta?"

"Da bakinta, shef."

Washegari Na Allah ya bi yashi har Kanan-Bakashe, ya tarar da Hawwa bakin rijiya, ya tambayi sunan ɗan farinta. Ta sunkuyar da kai, ta shiga gyaran igiyar guga. Maƙwabciyarta ce ta amsa: Tanko, shi kaɗai gare ta, kati kuwa ba ta taɓa ganin nata ba.

A ofis ya yi wa shugaba bayani a hankali. Na'ura ba ta karɓar yaro marar uwa, don haka ɓarawo ya nemi uwar da katinta ke hannunsa. Macen da ke kunyar sunan ɗan fari gaban maƙwabta ba za ta faɗe shi gaban baƙi ba. Wanda ya ce ya ji, bai ji ba. An sami katin Hawwa a aljihun Ishaƙu, buhuna shida a ɗakinsa.

Barira ta zauna tana mayar da kowane yaro ƙarƙashin uwarsa. Na Allah ya daɗe a bakin ƙofa, hula a hannu.

"Malama Barira, na rufe ki kafin in saurare ki. Ki yafe mini."

Ba ta ɗago ba sai da ta ajiye na takwas.