Allurar Da Ta Daskare

"Taɓa ka ji mana, Yayana... ta ragu ko?" Ummulkhairi ta kamo hannun mijinta ta ɗora a wuyanta.

Suhaibu ya shafa kaluluwar da ta kumbura. Ƙaruwa ma ta yi.

"Ta ragu, farin cikina," ya ce, ƙaryar tana yi masa ɗaci a baki.

Ciwon daji ne na kaluluwa, in ji likita. Akwai sabuwar allura mai bin ƙwayoyin cutar su kaɗai ta kashe, amma duk Kano babu ita, sai an aiko daga Legas. Gonar tumaturinsa ta bakin kanal ɗin ban-ruwa ya sayar saboda ita, suka zauna jira har wata biyar.

Ranar Juma'a ta iso cikin 'yar kula mai riƙe sanyi, asibiti kuwa sai Litinin. Abu ɗaya mai kawowa ya nanata masa: kada ta ji zafi!

To, wa zai koya wa manomin tumatur tsoron zafi? Sau nawa kwando guda ya ruɓe a gabansa kafin la'asar? Garinsu an manta rabon su da wuta, don haka ya figi babur sai Bunkure, wajen Saude mai ƙanƙara.

"Inna, can ƙasan firiza za ki tura min ita, inda ya fi sanyi! Ran matata ne a ciki."

Ranar Litinin Ummulkhairi har da kwalli ta sa. Likita ta ɗaga kwalbar ta duba, ta sake dubawa.

"A ina ka ajiye ta?"

"A firiza, Likita! Sai da ta zama dutse, a hanya ta narke," ya faɗa har da 'yar dariyarsa, bawan Allah.

"Malam Suhaibu... sanyi aka ce, ba ƙanƙara ba. In ta daskare ta lalace."

"Ki yi mata haka nan! Don girman Allah... ko rabi ne!"

"Ba zan iya ba."

"To wata fa?"

"Sai an sake aikowa. Wata huɗu, ko biyar..." Likitar ta kalli wuyan Ummulkhairi, ta kawar da kai.

A hanyar gida, daidai gonar da ta zama ta wani, ya tsayar da babur ya durƙushe. Bai taɓa tsanar kansa irin ta yau ba.

"Ni na kashe ki, Ummu! Da hannuna!"

"Kul! Kar na sake ji." Ta zauna kusa da shi da ƙyar, ta ɗora hannunsa a wuyanta. "Ta ragu ko?"

Ya kasa kallonta.

"Na san ba ta taɓa raguwa ba, Yayana. Faɗar kawai nake so na ji a bakinka..."

Ya buɗe baki zai faɗa, kuka ya riga shi fitowa.