Ɓarawon da Ya Bar Memori

Tsoho Dam Van Toan yana ɗaga jakarsa daga ƙarƙashin teburin mai gasa dankali ya ji ta shafal. Ya zuge zik. Babbar kyamararsa ta yi ƙafa.

Lokacin kaka ne a garin Trung Khanh. Shinkafa ta nuna ta yi ruwan zinare a gefen kogin Quay Son, kuma a irin wannan lokaci hankalin masu ɗaukar hoto ba ya jikinsu. Mutum da furfurarsa sai ka gan shi kwance rub da ciki a kunyar gona, wai yana jiran haske. Toan, tsohon likitan dabbobi, shi ne babbansu a garin. Ya fito tun da sassafe da abokansa biyu, ya bar jakar a rumfar Luc Thi Men, mai gasa dankalin, kamar yadda ya saba, ya hau kwale-kwalen gora da wayarsa kawai. Tunda wata kyamara ta taɓa suɓuce masa a ruwa, bai ƙara hawa kogi da mai tsada ba.

Kafin Kyaftin Nong Thi Sao ta 'yan sanda ta iso a kan babur, an riga an gama yanke hukunci. Shugaban ƙauye ya ce Men ta kwashe kayanta daga hanyar bakin kogi, kada a sake ganinta. Garwashinta ya mutu, ita kuma tana tsaye, hannu a ƙirji. Wannan rumfa ita ce cinta da shanta tun rasuwar mijinta, kuma a ƙauye irin wannan, wanda aka kira ɓarawo sau ɗaya ya shiga uku.

"Kowa ya ja baya," in ji Sao. "Baba Toan, miƙo jakar."

Ta shimfiɗa jarida a kan tebur ta fito da kayan ɗaya bayan ɗaya. Batir. Burushin goge ƙura. Rigar ruwa. A ƙaramin aljihu ta taɓo wani abu nannaɗe cikin ƙyallen goge gilashi. Da ta warware, sai ga memori, ɗan katin da kyamara ke ajiye hotuna a kai.

Toan ya gyara tabarau. "Wannan ai na cikin kyamarar ne! Ni ban cire shi ba."

"Ka tabbata, Baba?"

"'Yata, kafin in hau kwale-kwale sai da na duba hotunan jiya a cikinta. Tsufa na yi, ban haukace ba."

Sao ta juya wajen Men. "Goggo, kin bar rumfar?"

"Na bari. Na kai wa masu yanka ruwan shayi a gonar can. Yanzu na je, yanzu na dawo. Tun da nake nan wa ya taɓa ɗauke mini ko ɓawon masara?"

"Mene ne wannan?" Ta ɗora mata memorin a tafin hannu.

Men ta juya shi. "Layin waya ne?"

"Ajiye, Goggo. Zauna ki huta."

Mai kwale-kwale bai ci mata lokaci ba. Tare da Toan yake a tsakiyar kogi, rabin ƙauyen sun gan shi da sandar tuƙi a hannu. Sao ta sallame shi, ta ce a kira mata abokan tafiyar tsohon.

Ta farko, Ha Thi Uyen, malamar asibiti ce. Ta zo da taɓo har gwiwa.

"Ina kike lokacin da Baba yake kan ruwa?"

"Cikin gona, wajen masu yanka."

Wata dattijuwa mai lauje ta karɓe zancen daga cikin taron. "Tana nan kam! Baiwar nan ta hana mu sakat. Sunkuya, Inna. Ɗago, Inna. Yi dariya, Inna. Bayana har yanzu bai miƙe ba."

Aka kwashe da dariya, Sao ta yi wa Uyen alama ta tafi.

Na biyu shi ne Vi Van Khai, mai shagon hoton biki a bakin kasuwa. Toan ne ya koya masa riƙe kyamara tun yana saurayi. Mutum ne mai tsabta da ladabi, kuma shi ya riƙe tsohon ya zaunar da shi lokacin da aka gano satar.

"Yaya Khai, kai fa?"

"Ina can ƙasa, wajen keken ruwan Na Lung. Tun da muka rabu na nufi can."

"Wa ya gan ka?"

"Babu kowa. Amma aikina zai shaide ni."

Bai jira ta tambaya ba ya kunna tasa kyamarar, wata tsohuwa da aka ɗaure murfin batir ɗinta da salatif. Hoton ya yi kyau, babu ƙarya. Ƙaton keken gora yana juyawa a bakin kogi, yana ɗebo ruwa yana zubawa a bututun da ke kai wa gona, feshin yana ƙyalli cikin hasken safiya. A ƙasan hoton ga kwanan wata na yau, ga kuma lokacin da Toan yake kan ruwa.

"Ka iya," in ji Sao. "Kowa ya tsaya a nan. Zan ɗan miƙe ƙafa."

Ta bi hanyar da ƙafa. Tafiya ce mai ɗan nisa, ta ratsa kurmin gora, ta haye wata siririyar gada. Sao a gona ta tashi kafin ta sa kaki, kuma tun a rumfa wani abu a hoton ya tsaya mata a rai. Da ta ɓullo Na Lung ba ta ji kukan keke ba, wannan ƙara da yake yi kamar tsohuwar ƙofa. Yana tsaye cik. An soka masa gungume a tsakanin haƙarƙari, an ɗaure da igiya, bututun ya bushe har ganye ya taru a ciki.

Wani manomi yana wasa lauje a kan dutse.

"Sannu da aiki, Kawu. Yaushe kuka tsayar da keken?"

"Tun makon jiya. In ba mu janye ruwa ba, a taɓo za mu yi yanka?"

"Yau da safe babu wanda ya kwance shi?"

Ya dube ta sama da ƙasa. "Ya kwance ya jiƙa mini gona ana gobe girbi? Da yanzu gawa kika zo ɗauka."

Ta taka ƙasar gonar. Ta bushe har ta fara tsagewa.

Da ta dawo rumfar babu wanda ya motsa, mutanenmu ba sa barin kallo a rabi. Ta ja kujera ta zauna, ta ce Khai ya sake nuna hoton, a ɗaga kowa ya gani.

"Masu gona," in ji ta, "ku gaya mini, yau keken Na Lung yana juyawa?"

Dattijuwar nan mai lauje ta matso ta leƙa. "Ina fa! Ai an ɗaure shi. Kuma dubi shinkafar nan, da sauran kore a jikinta. Wannan ba ta yau ba ce."

Khai ya nuna ƙasan hoton da yatsa. "Amma ga kwanan wata..."

"Agogon kyamara da yatsa ake saita shi," in ji Sao. "Ka je Na Lung tun kafin a janye ruwa, ka tura agogon gaba zuwa safiyar yau, ka ɗauki shaidarka ka ajiye. Ka san ranar da za ku fito. Ka san Baba ba ya hawa ruwa da babbar kyamara, ka san inda yake barin jaka. Abin da ba ka sani ba shi ne aikin gona. Shekara da shekaru kana ɗaukar keken nan, ba ka taɓa tambayar me ya sa yake juyawa ba, balle me zai sa a tsayar da shi."

Ta ɗaga memorin sama.

"Amma wannan ne ya fara nuna mini hanya. Ɓarawon titi jakar zai sunkuta gaba ɗaya. Goggo Men ba ta ma san akwai abin da ake cirewa a ciki ba. Wanda zai tsaya, yana cikin sauri, ya buɗe murfi, ya zare memori, ya nannaɗe shi don kada ya karce, ya mayar wa mai shi, sai mai ɗaukar hoto. Ku a wurinku a ɗauki ƙarfe wani abu ne, a ɗauki hotunan mutum kuma wani abu ne daban. Kawo makullin babur ɗinka."

A ƙarƙashin sirdin babur ɗin aka sami kyamarar, an lulluɓe ta da tawul mai laushi.

Toan ya zauna daɓas a kan benci. "Khai? Kai? Da ka tambaye ni ai da na ara maka."

"Na gaji da aro, Baba," in ji Khai. "Amare suna ganin tawa suna komawa wani shago. Amma hotunanka ban taɓa su ba. Na san hasken jiya ba zai dawo ba."

Tsohon ya share ido ya juya wajen Sao. "'Yata, a bar maganar nan a nan. Yarona ne. Kin ga ko memorin bai ɗauka ba."

Nan ne ran Sao ya ɓaci, kuma ba ta ɓoye ba.

"Ya ji tausayin hotuna, Baba. Matar nan fa? Yana tsaye a nan aka kira ta ɓarauniya, aka ce ta kwashe kayanta, bai ce uffan ba. A kanta ya shirya abin ya faɗa tun farko. Kai ma har yanzu ba ka dube ta ba."

Shugaban ƙauye ya hau gyaran murya, ya ce ai dama shi bai ce ta tafi yau-yau ba. Sao ta tasa Khai gaba zuwa inda ta ajiye babur.

Men ta durƙusa tana tattara sabon gawayi. Toan ya tako a hankali, kyamarar a rataye a wuyansa, ya sunkuyar da kai.

"Ƙanwata, na zalunce ki. Ki yafe mini. Bari in ɗauke ki hoto a nan bakin rumfarki, in wanke babba, in sa a firam, kowa ya gani."

Ba ta ɗago ba sai da wutar ta kama.

"Yafiya na yafe, Yaya Toan," in ji ta. "Amma sauke abin nan. Fuskar nan ta sha kallo yau, ya ishe ta."