Filin Wasan da Ya Cinye Gidan Mai Fenti

Duk wanda ya bi ta bakin lambun nan na tsakiyar gari a yau, ya ga ƙofar da sarƙarta ta yi tsatsa da ciyawar da ta kai ƙugu, ba zai yarda an taɓa yin rububin shigarsa ba. Ni na san yadda aka yi ya zama haka, na kuma san mutumin da ya jawo.

Mai Fenti ake ce masa. Sana'arsa zana farin layi a filayen wasa da shafe kujerun lambu, kuma hannunsa na da kyau, in ya ja layi ka ce da zare aka ɗaura. Yana da mata da 'ya'ya biyu: babban saurayi ne dogo, ba shi da zance sai ƙwallon kwando, ƙaramar kuwa auta ce mai surutu, wadda in ta hau lilo sai an sauke ta da kuka. Duk aikin da yake samu ta hannun yayan matarsa yake fitowa, wani ɗan kwangila da ake kira Injiniya, wanda bai taɓa haihuwa ba, ya ɗauki yaran nan kamar shi ya haife su.

Da hukumar gari ta tashi gyara babban lambun, za a zuba sabon kankare a filin ƙwallon kwando, a kafa lilo, a sa fitilu da famfo, sai Mai Fenti ya ga ranarsa ta zo. Ya sa rigarsa mai kyau ya sami Injiniya a ofis, a gaban 'yan kwamiti, ya ce, "Yaya, wannan karon a sa ni a matsayin abokin aiki mana. Na daɗe ina bin bayanka."

Injiniya ya kwashe da dariya har yana dukan tebur. Ya dubi mutane ya ce, "Kun ji shi? Mijin ƙanwata ne fa. Na danƙa masa buroshi ne don kada ta kwana da yunwa, yanzu kujerata yake hange." Aka yi dariya, har mai kawo ruwa sai da ya dara. Wataƙila Injiniya ya manta da maganar kafin la'asar. Mai Fenti kuwa ya fito da ita a ƙirji kamar ya haɗiyi garwashi, yana tafe yana rantsuwa sai ya ga mutumin nan a ƙasa.

Wani direban tifa ne ya kwatanta masa boka. Ya tafi da rana tsaka, ya bi bayan inda ake jibge tsofaffin tayoyi, har ya iske wani ɗaki da ba taga. Waje rana na ƙuna, ciki kuwa sanyi kamar rijiya. An lulluɓe bango da jan ƙyalle da ya fara baƙi. A kusurwa ga ƙoƙon kan akuya an cusa masa tsumma a idanu, ga fasasshen madubi an kifa shi, ga wata tukunya cike da baƙin ruwa da yake motsi ba tare da an taɓa shi ba. Warin wurin kamar na nama da ya kwana a rufe. Bokan ɗan tsamurmurin tsoho ne, yana zaune yana yanke farce, bai ko ɗago kai ba.

"Arziki kake so, ko mutum kake so a kayar?"

"Duka biyun, Baba."

"Masu cewa duka biyun su suka fi saurin dawowa da kuka. Zauna."

Ya zauna ya zayyana komai. Boka ya tsoma yatsa a tukunya ya lasa, ya ce, "Aikin lambu zai dawo hannunka, da wanda ya fi shi. Amma abin da zan ba ka yana da ciki, kuma ƙasa za ka binne shi inda ƙafafu ke yawan takawa. Me zai ci?"

"Akuya? Sa? Ko nawa ne zan saya."

"Ba ya cin abin da ake saya a kasuwa."

Dariyar nan ta ofis ta dawo wa Mai Fenti a kunne. Ya ce, "To ya ci jinin wanda ya wulaƙanta ni."

Sai a lokacin tsohon ya dube shi. "Jininsa ka ce?"

"Jininsa. Kada ya bar ko ɗigo."

"Maimaita wa tukunya, ni ba ruwana."

Ya sunkuya ya maimaita, ruwan ya yi wani ɗan tsalle ya lafa. Boka ya ce ya kawo tufa da ta sha gumin gidan su Injiniya. Mai Fenti ya rasa hanyar ɗauko rigar Injiniya, sai ya tuna matarsa tana ajiye da mayafin marigayiya mahaifiyarsu a ƙasan akwati. Ya sace ya kai. Tsohon ya shinshina mayafin, ya yi murmushi, ya ce, "Wannan ya ma fi." Ya naɗe wani abu mai ɗumi a ciki, ya ɗaure da baƙin zare. Matar ta yi ta neman mayafin tana kuka, mijin yana taya ta ɗaga katifa.

Ba a jima ba 'yan kwamiti suka juya wa Injiniya baya ba tare da wani dalili ba, suka kira Mai Fenti suka damƙa masa aikin. Ranar zuba kankare, da leburori suka tafi cin abinci, ya tura ƙunshin a tsakiyar filin ya shafe da hannunsa. Ya ji abin ya motsa a ƙarƙashin tafinsa, ya ce wa ransa siminti ne ke zama.

Lambu ya yi kyau, wannan ba mai musu. Kore shar, fitilu reras, tsofaffi na hutawa a kujeru, yara na layi a bakin lilo. Daga nan kwangila ta riƙa bin sa har gida: filin gudu, wurin ninƙaya, filayen makarantu. Ya gina bene, ya sauya mota, masu dariyar ofis suka koma rusuna masa. Ranar da Injiniya ya zo neman ko ƙaramin aiki ne, Mai Fenti ya bar shi tsaye a rana, daga baya ya aika masa da buroshi da bokitin fenti. Ya leƙa ta taga yana kallon sa yana fita, ya ji daɗin da bai taɓa ji ba. Abu ɗaya ya dame shi: mutumin ya talauce, amma lafiyarsa ƙalau.

Auta ce ta fara tafiya. Wata yamma tana kan lilo, uwarta na tura ta, tana cewa, "Mama, ƙara! Ƙara!" Lilon ya dawo da ita a zaune, hannuwanta riƙe da sarƙa, idonta a buɗe, ba rai. Ba ta faɗi ba, ba ta ƙwaru ba. Likita ya juya ta ya juya, ya ce bai ga komai ba.

Shekara ba ta zagayo ba, ana wasan ƙarshe na gasar matasa, babban ɗan ya karɓi ƙwallo a daidai tsakiyar fili. Ya tsaya cak kamar an riƙe masa ƙafa, ya dubi ƙasa, ya ce, "Wa ke ja na?" Ya durƙushe. Kafin a kawo ruwa ya cika. Injiniya ne ya ɗauke shi a kafaɗa yana kuka kamar ƙaramin yaro.

Mai Fenti ya koma bayan tayoyin nan a guje, ya banka ƙofa. "Ka cuce ni, tsoho! Jininsa na ce!"

"Jininsa ake ci. Mayafin wa ka kawo mini?"

"Na uwarsa."

"Matarka 'yar wa ce? 'Ya'yanka jikokin wa?"

Boka ya ci gaba da magana a hankali, kamar mai ba da kwatancen hanya. "Daga ƙarami yake farawa ya hau. Saura matarka, sannan a zo kan mutuminka. In ka ga ba za ka iya ba, je ka fasa kankare ka tono. Amma ka sani, ranar da iska ta taɓa shi, kanka zai juyo, kuma kai ba zai yi maka gaggawa ba."

A nan ne Mai Fenti ya gama hallaka kansa. Yana da guduma, yana da leburori, filin a hannunsa yake. Ya zauna a mota ya yi tunani. Ya tuna fuskar matarsa, ya tuna dariyar Injiniya, ya ce a ransa: mutum ɗaya ya rage a tsakani. Ya tada mota ya tafi gida ya ci abinci.

Matar ta fara ramewa. Tana zuba abinci a kwano huɗu, tana tsawata wa auta ta daina wasa da cokali, tana wanke rigar ƙwallon ɗanta ta shanya ta sake wankewa. Shi kuwa yana kallon ta yana jira.

Amma filin ya fara tsagewa daga tsakiya, wani baƙin ruwa mai wari na tsattsafowa, iyaye suka hana 'ya'yansu zuwa. Hukuma ta nemi wanda zai duba aikin, ba ta sami wanda ya san wurin kamar Injiniya ba. Ya sa aka fasa. Da ya ga abin da lebura ya ɗago a bakin shebur, sai ya naɗe shi a buhu ya nufi gidan ƙanwarsa.

Suna falo ya shigo, ya zazzage buhun a kan tebur. Matar ta kalli mayafin, ta shafa bakinsa inda ta taɓa yi masa ɗinki da hannunta. Hankalinta ya dawo tsaf a wannan lokacin. Ta ce, "Yaya, a ina?"

"A ƙarƙashin inda yaronmu ya faɗi."

Ta juya ta dubi mijinta. "Kai ka taya ni nema. Har katifa ka ɗaga."

Ya buɗe baki zai yi rantsuwa, bakin ya karkace ya tsaya a haka. Hannu ya saki, ƙafa ta saki, ya zube a kan tayil yana kallon su. Injiniya ya ɗaga ƙafa zai taka shi, ta riƙe shi. "Bar mini shi, Yaya. Nawa ne."

Dukiyar ta watse kamar an kunna mata wuta. Wurin ninƙaya ya rufta, aka ƙwace kwangiloli, aka sayar da benen, aka garƙame lambun. Dangi suka ce ta bar shi ta koma gidan yayanta, ta ƙi. Ita ke ba shi abinci, daidai wanda zai hana shi mutuwa. Kullum da yamma sai ta ɗora shi a keken guragu ta tura shi har bakin lambun, ta manna fuskarsa da wayar shinge, ta zauna a gefe tana hira da 'ya'yanta. Wani lokaci ta sunkuya a kunnensa ta ce, "Baban yara, ga su can suna wasa. Kira su mana." Hawaye na zuba ta ido ɗaya, ƙuda na bin bakinsa, ba ya iya korewa. Naman jikinsa na zagwanyewa kaɗan-kaɗan, likitoci sun rasa sunan ciwon, kuma har yau bai mutu ba.

Kai da ke jin wannan labari, in an taɓa yi maka dariya a gaban mutane, ka je ka yi kukanka ka wanke fuska. Kada kwaɗayi da ƙullaci su kai ka ɗakin da ba taga. Wanda ke zaune a ciki ba ya yi maka ƙarya, zai ba ka abin da ka roƙa daidai yadda bakinka ya faɗa, sannan ya aiko a karɓa daga cikin ɗakin kwananka.