Gam Ba Ya Jiran Suruka

A wajen masu sayar da katako Ticha ya fara ganinta, ranar da ya je neman allon gyara kantar littattafansa. Tana tsugune, ta ɗaga bakin wani falankin madaci, ta kanne ido ɗaya tana duban tsawonsa.

"Wannan ya karkace," ta ce wa mai katakon. "Zaro min na ƙasa."

"Aiko ki aka yi?" Ticha ya tambaya, don kawai ya sake jin muryarta.

Ta dube shi sama da ƙasa. "Kai dai aka aiko. Wanda ka riƙe ɗin nan, gara ta riga ka."

Ya saki allon yana dariya. Zuciyarsa kuwa tuni ta bi ta.

Auta suke ce mata a gida. Nas ce, amma duk ranar hutu tana ɗakin bayan gidansu, inda ta jera zartuna a bango, gudumomi a ƙasansu, ƙusoshi cikin kwalabe kowace da girmanta. Babanta ya gaji da faɗa, har ya koma zama a kujerar da ta yi masa.

A ɗakin nan soyayyarsu ta yi ƙarfi. Yana goge katako da sanfefa, tana yi masa tsiya.

"Malamin lissafi guda, awo ya gagare ka?"

"Kafintata, in kina kusa ba na ganin lamba."

Mamansa ce ta ce sam. "Mace da zarto? In kai ka gidan da za a riƙa yi maka sara da sassaƙa? Ga 'yar ƙawata nan, hannu kamar auduga. Ko Autar taka ta bar katako, ko ka bar ta."

Da ƙyar ya shawo kanta ta yarda ta je ta gan ta. Sai ya tura saƙo:

"Rabin raina, Mama za ta zo Asabar da yamma. Don Allah ki kulle ɗakin nan, na yini ɗaya kawai."

Auta ta karanta, idonta ya ciko. Ta amsa:

"In na kulle shi ranar Asabar, na kulle shi ke nan har abada. Ni za ta gani ko wata? Ka zaɓa, masoyi."

Ya yi ta kira, ta ƙi ɗagawa.

Mama da wayonta, ranar Asabar ɗin da hantsi ta taso shi, don ta ga yarinyar ba shiri. Suka tarar da Auta ta gama shafa gam a gefen dogayen falankan wani tebur, hannu duk danƙo, garin katako har a gira.

"Fito ki gaida Mama," Ticha ya ce.

"Mama, ina kwana. Ki gafarce ni, ba zan iya durƙusawa yanzu ba. In gam ɗin nan ya sha iska kafin in matse, katakon ya tashi a banza." Falanki ɗaya ya zame. "Wayyo! Mama, danne min nan! Kai kuma miƙo ƙarfen matsewa, kada ka tsaya kallona!"

Kafin Mama ta yi tunani, jakarta na ƙasa, tafukanta biyu na kan madaci.

"Da ƙarfi, Mama."

"Ke, ni za ki koya wa ƙarfi? Ɗaure abinki!"

Auta ta bi falankan tana murɗa ƙarafan har gam ya tsattsafo a layi. Sannan ta goge hannu, ta durƙusa har ƙasa.

"Yanzu na gaishe ki, Mama. Ina son ɗanki, Allah ya sani. Zan girmama ki kamar wadda ta haife ni. Amma wannan ɗakin ba zan bari ba, kuma ba zan yi miki ƙaryar zan bari ba."

Mama ta juya ga ɗanta. "Kai me ka ce?"

Ticha ya zo ya durƙusa gefen Auta. "Ni na ce ta ɓoye shi, Mama, kuma na ji kunyar hakan. Ita nake so, har da zartunanta."

Mama ta dubi gam ɗin da ya ɓata mata mayafi, ta daɗe tana kallo.

"Waccan 'yar ƙawar tawa duk abin da na faɗa sai ta ce to. Wannan kuwa ta sa ni aiki kafin ta gaishe ni." Ta yi ƙwafa, dariya na neman ƙwace mata. "Wadda ba ta ɓoye min zarto ba, ba za ta ɓoye min komai ba. Tashi, ja'ira."

Ranar ɗaurin aure, motar farko ta ɗauki amarya, ta biyu ta ɗauki kayan aikinta. Dangin ango suka fara ƙus-ƙus, Mama ta tsaya a ƙofa ta riƙe ƙugu.

"Mai magana ya zo ya faɗa min. A kai kayan aikin nan ɗakin da ya fi haske!"

Sannan ta haɗa hannun Auta, wanda aiki ya yi wa kanta, da na ɗanta, ta damƙe su cikin nata.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a ta gari, ya sa mutuwa ce kaɗai za ta raba."

"Amin, Mama," suka ce tare.