Tsohuwa Mai Roƙon Toka

A wani zamani an yi wata tsohuwa mai kabewa a bayan ɗakinta. Jajayen ƙwari suka far wa ganyen. Maganinsu toka, a barbaɗa da safe kan raɓa.

Ta je wurin maƙwabciyarta ta ce, “Ɗiyata, sam mini toka.”

Washegari ma, “Ɗiyata, sam mini toka.”

Rana ta uku maƙwabciyar ta yi jim. Ashe kwana uku tsohuwa ba ta hura wuta ba, don ba ta da abin girkawa!

Sai ta ɗauko itace da garin dawa, ta ce, “Iya, murhuna ya rushe. Tuƙa mana tuwo a naki, mu ci tare.”

Da gari ya waye, tsohuwa ta barbaɗa wa kabewa tokar murhunta.