Yarinyar da ba ta ɗaga ido

Sanyin ƙasar mutane ba ya tausayin maraya! Tun da sassafe Siririya take tsaye a bakin famfo, hannayenta duk sun tsage, tana wanke tukwanen jiya. Siririya suke ce mata a gidan kawunta, don tun da uwarta ta rasu aka ɗauko ta, nama ya ƙi zama a jikinta. Ita ce shara, ita ce wanki, ita ce sauke bola daga hawa na huɗu, sannan ta ruga ta tari motar makaranta, alhali Shagwaɓa, 'yar gidan da suke aji ɗaya, sai an lallashe ta take fitowa daga bargo. Amma Allah da ikonsa, wata tara kacal yaren mutanen ya zauna a bakin marainiya, har malamarsu ta sa ta cikin waɗanda za a ba gurbi a babbar makaranta. To, abin da ya tsaya wa matar kawu a wuya ke nan...

Da aka ba su babban rubutun ƙarshen zango, matar nan ta zaro littafin Siririya daga ƙarƙashin katifa, ta ba 'yarta ta kwashe shi tas, ta riga Siririya kaiwa. Malama ta ga aiki biyu iri ɗaya, ta kira Siririya.

"Dube ni cikin ido ki ce ba ke kika kwafa ba."

Wayyo! Yarinyar da uwarta ta raina a kan ba a ƙura wa babba ido! Sai ta ƙara sunkuyar da kai don ladabi. "Ba ni ba ce, Malama."

"Ido nake so, ba ƙeya ba!"

Ta kasa. Su kuwa a can, wanda ya kasa kallonka shi ne mara gaskiya. Aka ce ta zauna a gida sai ranar zaman hukunci, in laifi ya tabbata gurbin ya tafi.

"Ai sai ki fara ɗaure kayanki," in ji matar kawu, tana taunar cingam. "Gida za ki koma, can inda ba ki da kowa sai kabarin uwarki da na ubanki."

Siririya ta durƙusa ta riƙe mata ƙafa. "Inna, ke kin san gaskiya... Don Allah, karatun nan kaɗai nake da shi!"

"Sakar min ƙafa, ɓarauniya!"

Ba ta tsaya nan ba. Gida sha ɗaya na mutanenmu ta shiga da labarin, har a taron mata na ranar hutu aka riƙa janye 'ya'ya daga kusa da yarinyar. Kwana shida Siririya tana kuka a kan sallaya, tana cewa, "Ya Allah, ba ni da bakin da za a ji, kai ka yi magana!"

Ranar zama, kawu ya zo daga tafiya da rigar aikinsa, don direban motar kaya ne, bai cika kwana gida ba. Shugabar makarantar tsohuwa ce mai furfura. Tana masa bayani, ƙaton mutum mai gemu ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Tsohuwa ta tsaya.

"Kai kuma me ka kwafa?"

"Ranki ya daɗe, kin haife ni. Mu ba ma kallon babba cikin ido."

Malama ta dafe baki! Nan take aka raba Siririya da Shagwaɓa ɗaki biyu, kowa takarda da biro, a sake rubutun. Siririya ta cika shafi huɗu, hawaye na ɗiga a kai. Shagwaɓa ta rubuta sunanta, ta zauna tana cizon biro, can ta fashe da kuka. "Inna ce ta ba ni littafin!"

Malama ta rungume marainiya a gaban kowa tana ba ta haƙuri. Aka bar wa Siririya gurbinta, aka ce Shagwaɓa ta maimaita aji. Matar kawu kuwa, mijinta ya tasa ta gaba, gida sha ɗayan nan babu wanda ya yafe mata, ta ƙwanƙwasa kowace ƙofa ta ce da bakinta, "Sharri na yi wa yarinyar." Mata suka daina amsa sallamarta a wajen taro.

Da suka dawo, kawu ya zauna a kan matakala, ya kama tsagaggun hannayen 'yar ƙanwarsa, sai ga ƙato yana kuka kamar yaro. "Amana aka ba ni, na bar ta a hannun wani... Ki yafe min."

Ta goge masa hawaye da bakin mayafinta. "Kawu, gobe akwai makaranta?"

"Akwai, 'yata. Ni zan kai ki da kaina."